Neman Akori-kura Mai Giyar Taimako a Zariya

Sana'ata sayar da taki da iri da maganin feshi a Funtuwa. Rabin cinikina ba a shago ake yin sa ba, sai na kai kaya har ƙauye, da kaka kuma in kwaso masara da waken soya. Shekara da shekaru haya nake ɗauka, lissafi kuma yana fita, har ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000 a gidajen mai da dama. Ban ga laifin masu motocin haya ba da suka ninka kuɗi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsakiyar damina, lokacin da manomi ya fi matsuwa da taki, direba ya ja birki a bakin kwalta ya ce iyakarsa ke nan, motarsa ba ta shiga laka. Buhunan yuriya su kwana a gefen titi suna jiran amalanke, masarar da za a zuba wa tana can tana ja. Shi ya sa na ƙudurta sayen tawa, mai giyar taimako, wato mai iya ja da duka tayoyi huɗu, wadda kuma ba za ta shanye ribar a gidan mai ba.

Kawuna ne ya ce mu je Zariya. Gari ne na makarantu da cibiyoyin bincike da 'yan kwangila, irin waɗannan motoci suna yawan sauya hannu, sannan yana da tsohon amini, bakanike a Sabon Gari, wanda ya ce ko da kuɗi ba ya yabon motar da bai yarda da ita ba.

Mun kama hanya da sassafe cikin watan Agusta, garin a lumshe. Daga Funtuwa zuwa Giwa ido ba ya ganin komai sai masara, hagu da dama, wata ta fid da kai wata tana goyo. Kawu ya yi tuƙi a ƙuruciyarsa, zamanin da Peugeot 504 akori-kura ke fitowa daga kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975, don haka tun kafin mu kai Shika ya fara yi mini karatu.

"Ɗan nan, mu fa da taya biyu na baya kawai muka ci kasuwannin ƙasar nan. Ka tabbata kana buƙatar taimakon nan kuwa? Nauyi ne za ka riƙa ja shekara guda saboda wata uku."

Maganarsa tana kan hanya. Mota mai ja da taya huɗu tana ɗauke da ƙarin akwatin giya, da sanda mai kai juyi gaba, da ƙafar gaba mai nauyi, duk kuma mai suke ci ko ba a aiki da su. Sai dai wata ukun nan su ne kasuwata. Na ce masa, "Kawu, a cikin wata ukun nake samun abin da muke ci sauran taran." Ya gyaɗa kai, bai sake tayar da zancen ba.

Muka wuce asibitin koyarwa na Shika, muka shigo Samaru, ga katangar Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Kusa da ita cibiyar binciken aikin gona take, inda irin masarar SAMMAZ da nake sayarwa ya samo asali, kuma duk sanda na wuce wurin sai na ji kamar in tsaya in yi gaisuwa. A Palladan wani ƙaramin jirgin 'yan koyon tuƙin jirgi yana shawagi ƙasa-ƙasa. Daga Kwangila cunkoso ya kama, Keke Napep da tirela da 'yan acaɓa kowa na neman kutsawa, har muka gangara PZ muka shiga Sabon Gari.

Garejin fili ne da baƙin mai ya rina ƙasarsa, da inuwar darbejiya, da yara masu koyon aiki birjik. Maigidan dattijo ne mai furfura, ba shi da yawan magana. Bayan sun gama tsokanar juna da Kawu, ya sa aka kawo mana rake, ya tambaye ni abu uku: buhu nawa nake ɗauka a sawu, kilomita nawa nake ci a mako, wa zai riƙa tuƙa motar. Bai tambaye ni nawa na zo da shi ba sai can da yamma.

Dillalin farko da ya ji labarinmu ya iso da gudu, ya ja mu wani fili ta wajen Tudun Wada. Yana ta "Alhaji, ranka ya daɗe, irin taku ce wannan," ya nuna mini Toyota Tundra baƙa, tana sheƙi, kujerun fata, tayoyi manya. Ya tayar da ita, ƙarar injin har a ƙirji nake jin ta. Ba zan ɓoye ba, ta shiga raina. Bakaniken ya ɗaga bonet ya nuna mini: silinda takwas, girman inji lita 5.7. Su kansu Amurkawa da suka ƙera ta, abin da suka rubuta wa mai taimakon shi ne mil 13 a galan cikin gari, 17 a babbar hanya. Galan ɗinsu lita 3.785 ne, wato kilomita biyar da rabi zuwa bakwai a lita, kuma a titinsu mai santsi, ba kaya. An yi ta ne don jan tirelar jirgin ruwa ko ta dawaki a ƙasar da fetur ke da sauƙi. Ƙanwarta Tacoma mai silinda shida ta fi ta dama, amma ita ma ba ta tausayin aljihu, bodinta kuma gajere ne. Muka yi wa dillali godiya.

Ta biyu ita ce ta sa na san darajar zuwa da masani. Fara ce, mai gida biyu, wato kujerun gaba da na baya, an manna mata 4x4, alamar taimako, ɓaro-ɓaro a gefe, farashinta kuma da sauƙi har ya ba ni mamaki. Maigidan bai ko kalli fentin ba. Ya shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙarƙashinta, jim kaɗan ya kira ni.

"Malam, sunkuyo ka gani da idonka."

Na durƙusa na leƙa. Ya haska tocilan wayarsa a inda sandar gaba ya kamata ta fito daga akwatin taimako ta tafi ƙafar gaba. Babu sanda. Ramukan kusoshi huɗu ne kawai, sun cika da tsatsa da busasshiyar laka, alamar an daɗe da cire ta. Ya ce da yawa in wani abu ya lalace a ƙafar gaba, maimakon gyara sai a zare sandar a jefar, mota ta ci gaba da tafiya da baya kawai. A cikin mota ka ja sandar giyar, ta shiga, wata ma har fitila ta kama a dashbod, amma tayoyin gaba ba abin da suke yi. Mai saye ba zai sani ba sai ranar da ya kafe a fadama. Mai motar ya ce ai ƙaramin gyara ne. Maigidan ya miƙe yana kakkaɓe rigarsa ya ce, "Da ƙarami ne da ka yi shi kafin ka kawo ta kasuwa."

Akwai wata mai dizal da aka shigo da ita daga Turai, sabuwa-sabuwa, da takardar da ke nuna tana shan mai kaɗan ƙwarai. Ita ma ya hana ni, kuma dalilinsa ya zauna mini. Motocin dizal na Turai na shekarun baya-bayan nan suna da matatar hayaƙi a jikin salansa, wasu har da wani ruwa na musamman da ake ɗura musu daban. Matatar tana son dizal mai tsabta mai ƙarancin sulfa, tana kuma son doguwar tafiya da gudu don ta ƙone tokar da ta tara. Motar da za ta wuni tana rarrafe tsakanin ƙauyuka, tana shan man da aka samu, matatar za ta toshe, kwamfutar mota ta rage ƙarfin inji. A takarda ta fi kowace tattali, a hanyarmu kuma za ta fi zama a gareji.

Kafin la'asar zaɓi ya rage tsakanin Hilux biyu, duka ƙirar da aka yi daga 2004 zuwa 2015, duka giyar hannu. Ɗaya mai fetur ce, injin 2TR mai lita 2.7, irin wanda ya cika ƙasar nan a hannun 'yan sanda da ma'aikatu da kamfanoni. Ɗayar mai dizal ce, injin 2KD mai lita 2.5 da tabo, na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji, gida ɗaya da dogon bodi. Masu su kowa ya rantse tasa ba ta shan mai. Maigidan ya ce ba a sayen mota da rantsuwa, gobe a ba mu makullai, mu za mu zuba mai.

Da sauran rana, sai muka shiga cikin birni ta Ƙofar Doka. Ragowar ganuwa tana nan, ruwan sama ya zaizaye ta, ciyawa ta tsiro a kanta. Muka yi sallah a babban masallacin Juma'a kusa da fadar Sarkin Zazzau, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa tun ƙarni na 19. Mutum ya ɗaga kai ya ga bakan-gizon da aka ɗaure da azara da laka, ya san magabata ba su yi aikin ganin ido ba. Muka kwana a gidan wani ɗan'uwan Kawu, aka yi mana tuwon masara miyar kuka da man shanu, ruwa ya kwana yana zuba. Na ji daɗin ruwan, domin laka nake nema.

Gwajin da maigidan ya tsara ba ya buƙatar na'ura. Aka aro buhunan masara daga wani ɗan kasuwa aka loda wa kowace mota daidai da 'yar'uwarta. Aka duba iskar tayoyi. Muka je gidan mai guda, aka cika kowace har wuya, sai da famfo ya katse da kansa, aka mai da ƙaramin ma'aunin kilomita sifili. Muka hau titin Kano zuwa wajen Tashar Yari muka juyo, ɗaya na bin ɗaya, gudu ɗaya, muka ɗan zaga cikin cunkoson gari, sannan kowace ta koma famfon da ta sha aka sake cika ta. Litar da ta shiga karo na biyu ita ce abin da ta ƙona. A raba kilomita da lita, magana ta ƙare. Ya gargaɗe ni cewa in an sa wa mota tayar da ta fi tata girma, ma'aunin kilomita yakan yi ƙarya, don haka muka gwada da taswirar waya. Mai fetur ta ba mu wajen kilomita takwas a lita, mai dizal wajen goma sha ɗaya. Gajeren gwaji ba ya fid da lissafi daidai wa daida, amma tazarar ta fi ƙarfin a ce kuskure ne.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Litar dizal ta fi ta fetur ƙarfi da sama da kashi 10 cikin ɗari, injinsa kuma yana matse iska sosai kafin ya ƙona mai, don haka yana tatsar aiki mai yawa daga kowane ɗigo. Yana kuma ba da ƙarfin ja tun inji bai ɗauki kuka ba. A hawa na lura direban mai fetur sai ya sauko giya ya taka totur, ni kuwa da ke cikin mai dizal ko canji ban yi ba.

A nan muka zauna a kan benci muka yi ta muhawara da Kawu, kuma ita ce muhawarar da ta fi amfani a duk tafiyar. Shi mai fetur yake so. Ya ce injin 2TR babu bakaniken da bai san cikinsa ba daga Funtuwa har Ɗandume, sarƙa ce ke juya shi ba bel ba, kayan gyaransa ga su a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano. Ya ƙara da cewa injin fetur ya fi sauƙin mayarwa iskar gas ta CNG da gwamnati ke ta kwaɗaitarwa, kuma in bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, ya fara aiki sosai, Arewa ma za ta samu. Sannan dizal yakan fi fetur tsada a lita.

Na ɗauki biro na yi lissafi a bayan kwalin rake. In ɗaya na ba ni takwas ɗaya sha ɗaya, to dizal bai zama asara ba sai tsadarsa ta ɗara ta fetur da fiye da kashi uku bisa takwas. Ƙasa da haka, kowace kilomita ni ke da riba. Tukunyar gas kuwa nauyi gare ta, a bodi za a ɗaure ta, wurin buhu biyu ko uku ya tafi, kuma ƙauyukan da nake shiga ba inda zan sake cika ta.

Maigidan ya bar mu muka gama, sannan ya faɗi abin da ba wanda ya kawo a cikinmu. Ya aiki yaro ya ɗauko wata injekta, abin da ke fesa mai cikin inji, da ya cire daga motar wani, ya ɗora mini a tafin hannu. Ƙarfe ne siriri, bakinsa da ramuka da ido ba ya gani sai an kai shi haske, kuma tsatsa ta ci gefensa.

"Wannan ruwa ne ya kashe ta. Injin dizal ɗin nan yana tura mai da matsin da ya ninka na iskar sarari fiye da sau dubu, ɗigon ruwa ko ƙasa ya isa. Guda huɗu ne a ciki, in suka tafi tare, tattalin shekara ya tafi. In ka san yaronka zai riƙa shan mai a jarka wurin 'yan bumburutu, ɗauki mai fetur ka huta. In za ka tsaya a gidan mai ɗaya da ka yarda da shi, ka riƙa canja matatar mai kan lokaci, ka zubar da ruwan da take tarawa da zarar fitila ta nuna, ɗauki dizal. Bel ɗinsa kuma kada ya wuce kilomita 150,000, kuma tunda ba mu san ranar da aka canja na ciki ba, yau za a canja."

Saura laka. Muka bi hanyar Soba, muka haye kogin Galma wanda ya cika ya yi ja, muka wuce Dakace. Kafin Maigana maigidan ya ce a karya dama, muka sauka kan burji, daga burji muka faɗa wata hanyar amalanke da ta ratsa fadamar shinkafa. Ruwan daren jiya ya mai da ita caɓi. Ya sa na tsaya tun kafin tayoyi su nutse, ya ce ba a jira sai an kafe ake neman taimako. Aka ɗan rage iskar tayoyi don su baje. Na tsayar da mota cak, na taka kuloci, na ja ƙaramar sanda daga H2, inda tayoyin baya kawai ke ja, na wuce H4 har L4, inda huɗun ke ja a hankali da ƙarfi.

"Giya ta biyu. Kada ka taka da ƙarfi, taya za ta haƙa wa kanta rami. Bar ta ta yi tafiyarta."

Motar ta shiga a hankali kamar saniyar huɗa, tana gurnani ƙasa-ƙasa, laka na tsartuwa har gilashi. Na ji bayan ya ɗan zame, gaba ya kama ya ja mu. Wasu manoma da ke cirar ciyawa suka miƙe suna kallo, ɗaya ya ɗaga mana hannu ya ce tun farkon watan ba motar da ta bi nan. Da na tambaye shi yadda taki ke iso musu, sai ya nuna kansa. Mai fetur ma ta haye, ba a rage mata komai ba, sai dai da kuka mai yawa.

Da muka dawo bakin kwalta, maigidan bai bari na ɗora taya a kai ba sai da na mai da sanda H2 aka kuma ƙara iska wurin mai faci. Ya ce irin wannan taimakon yana ɗaure gaba da baya su juya tare, a laka ba komai don taya na iya zamewa, amma a busasshen titi, musamman a kwana, ƙarafa ne ke murɗe juna, taya ta cinye, mai ya ƙone a banza. Mitsubishi L200 mai tsarin Super Select ita ce ya ce an yi ta yadda za ta iya tafiya da huɗun a kan kwalta, amma ba mu samu mai lafiya a kasuwa ba a lokacin. Ya ƙara mini da cewa rabin shan mai a ƙafar direba yake: iskar da mota ke turewa tana ninkuwa huɗu in gudu ya ninka biyu, don haka wanda ke tafiya 80 zuwa 90 da wanda ke danna 120 ba tanki ɗaya suke ƙonawa ba. Tayoyi masu manyan haƙora da samari ke so don ado, da ƙarafan da ake ɗaurawa a gaba da sama, duk a gidan mai ake biyan kuɗinsu. Kaya kuma kada su wuce wajen tan ɗaya, buhu goma na masu kilo 100, in ba haka ba sifirin da birki za su ba da labari.

Na ɗauki mai dizal, mai gida ɗaya. Gida biyu yana da daɗin ɗaukar iyali, amma kujerun baya suna cinye tsawon bodi, ni kuma buhu nake ɗauka. Kawu bai sauya ra'ayi ba, ya ce dai Allah ya sa alheri, ya kuma shige gaba wajen ciniki, inda ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Kafin in biya ko sisi muka gwada lambar shasi da ke jikin ƙarfe da wadda ke takarda, harafi bayan harafi, muka kai takardar kwastan aka tantance. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na kan tudu, kuma motar da ba a biya mata fito daidai ba ana iya ƙwace ta a hanya ko ta shekara nawa a hannunka. Maigidan ya kuma duba ko an taɓa juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu, domin da yawan irinta a Tailan ake ƙera su, inda sitiyari ke dama, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama. Tata a hagu aka haife ta.

Motar ta ƙara kwana a gareji aka canja bel da baƙin mai da matatun mai da na iska, aka ƙara mata matata ta biyu mai raba ruwa da dizal kafin ya isa inji. Na sayi ƙaramin littafi na ajiye a aljihun dashbod, na gaya wa yaron da zai riƙa tuƙi cewa duk shan mai sai ya rubuta lita da kilomita, ranar da lissafin ya sauka ƙasa da goma a kawo ta a duba. Sawun farko da na sa mata shi ne buhu goma na takin NPK zuwa wani ƙauye bayan Bakori, wanda rabon da mota ta shiga cikinsa tun saukar ruwan Yuli.